Guduma Da Hayaƙin Mai Turare

Akwai wani maƙeri a wani gari mai ganuwa, can a zamanin da matsafa ke tara runduna kamar sarakuna. Gurgu ne, ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana ƙarami, amma hannunsa kam babu na biyunsa. In ya ƙera maka takobi, sai ka tsufa ka bar wa ɗanka bai dakushe ba.

Maƙerarsa rumfa ce a bakin titin da ya nufi rijiyar tsakiyar gari. Ciki baƙi ƙirin da hayaƙi, uwar maƙera a tsakiya, zuga-zugi a gefe, awartaki da masaba rataye a jikin bango. Kowa Maƙeri yake ce masa, har matarsa.

Yana da ƙane ɗaya tal, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ƙanen nan Allah ya zuba masa jiki, in ya tsaya a ƙofar maƙera sai ciki ya yi duhu. Tun yana saurayi ya raina takobi, wai shi a wurinsa abin yankan albasa ne. Sai yayan ya ƙera masa wata guduma ta yaƙi wadda ƙarti biyu ke ɗauka da nishi, shi kuwa yana wulwula ta da hannu ɗaya. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace, aka koma kiransa Guduma.

Mutum ne mai dariya a lokacin. Duk girman nan nasa, in mahaifiyarsu Inna ta ɓata rai, sai ya durƙusa don hannunta ya kai kunnensa ta murɗe. Ita ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa Guduma ba. Auta take kiransa.

Ana nan sai wani matsafi da ake kira Matsafin Dutse ya taso wa garin da runduna. Mayaƙansa mutane ne, amma ya shayar da su wani abu da ya kashe musu jin zafi. Ka sare wa mutum hannu, ya ɗauki mashi da ɗayan ya ci gaba da tahowa.

Kwana bakwai ana gwabzawa a ƙofar gari. A rana ta bakwai wani ƙato ya sami Guduma da kulki a ka, kwalkwalinsa ya lotsa, ya faɗi a gwiwa. Ƙaton ya ɗaga zai ƙarasa shi, sai kibiya ta shige masa ido. Dogo ne ya harba, maharbin garin, abokin Guduma tun suna wasan ƙasa.

Guduma ya miƙe jini na bin fuskarsa, ya kutsa cikin runduna yana falle mutane hagu da dama, har ya kai ga Matsafin da kansa. Duka ɗaya ya yi masa. Kan ya tarwatse kamar an jefar da tulu, rundunar kuma ta watse.

Dattawan gari suka taru suka damƙa masa shugabancin dakaru da makullan ƙofofi, suka ba shi babban gidan da ke kan tudu. Babu wanda ya ce bai cancanta ba.

Sai dai dukan nan ya bar masa wani abu. Ƙara ce a cikin kansa, kamar ana buga ƙarfe, ba ta tsayawa. Yakan zo maƙera ya zauna a kan kututture, ya dafe kai da hannu biyu.

"Yaya, kamar ka tare da maƙerarka a cikin kaina," in ji shi.

Maƙeri ya ce, "To ai ka ji daɗi, ba ka biyan kuɗin gawayi."

Su yi dariya. Amma Maƙeri yana ganin yadda idanun ƙanen suka faɗa.

Cikin waɗanda aka kama a yaƙin akwai wani tsoho siriri, mai taushin murya, wanda ke kunna wa Matsafin turare. Dakaru sun so su kashe shi, Guduma ya hana, ya ce shi ba ya taɓa tsoho. Tsohon ya faɗi yana kuka yana godiya, ya ce ba shi da abin sakayya sai sana'arsa. Yana da wani turare da ke kwantar da ciwon kai.

Aka gwada. Ya zuba wani baƙin gari a kan garwashi cikin kasko, hayaƙi ya tashi, Guduma ya shaƙa. Nan take ƙarar ta ɗauke. Ƙato guda ya zauna yana hawaye saboda daɗi.

Tun daga ranar Mai Turare bai sake kwana a kurkuku ba.

Ku lura da yadda mutumin nan ya bi da abinsa, jama'a, don bai yi gaggawa ba. Da yabo ya fara. Maƙeri ya taɓa jin sa da kunnensa wata rana da ya kai wa ƙanen sabon sulke.

"Ranka ya daɗe, ni fa ina can ɗaya ɓangaren, na ga komai. Kai kaɗai ka yi yaƙin nan. Sauran rakiya suka yi maka. Shi ya sa nake mamaki da na ji a kasuwa wai kibiyar Dogo ce ta ceci gari."

Guduma ya yi dariya ya ce, "Ai gaskiya ne, ya cece ni."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Kirkinka ya yi yawa, shi ke nan."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da fifita garwashinsa.

Bayan yabo sai ya shiga rage masu zuwa. Wai hayaniya ce ke tayar da ciwon. Abokan da suka saba shiga gidan kai tsaye aka fara tsayar da su a ƙofa. Sannu a hankali masu gadin ma aka canza su, aka sa ragowar mayaƙan Matsafin da aka kama. Hujjar Mai Turare ita ce ba su da dangi a garin, saboda haka ba su da wanda za su ci amanar maigida dominsa.

Sai da ya ga ɗakin ya zama daga shi sai Guduma, sannan ya fito da ainihin abin. Ya ce akwai wani sirri da ya daɗe yana ɓoyewa don kada ya tayar masa da hankali. Turaren nan, in aka ƙara masa wani abu kaɗan, aka ambaci sunan mutum, za ka ji abin da mutumin ke faɗa a bayan idonka, da muryarsa.

Guduma ya ce a gwada da Dogo, don ya ƙaryata tsohon.

Da hantsi manzo ya zo maƙera ya ce shugaban dakaru na son mari da ankwa, guda goma. Maƙeri ya tambaya na su wa, manzo ya ce shi ba a gaya masa ba. Maƙeri ya ce a ransa ƙila ɓarayi aka kama. Ya hura wuta ya ƙera su, masu kyau, masu ƙarfi, kamar yadda ya saba aikinsa.

Kwana biyu bayan nan, rana tsaka, aka buga ganga a bakin rijiya. Maƙeri ya dogara sandarsa ya fita. Mutane sun yi cincirindo. A tsakiya ga Dogo durƙushe, fuska a kumbure, hannuwansa a baya. Maƙeri ya dubi ankwar, ya gane ta. Shi ya ƙera ta.

Guduma ya fito da gudumarsa a kafaɗa. Idanunsa jajur, warin turaren nan na tashi daga rigarsa.

"Na ji ka da kunnena," in ji shi. "Ka ce kibiyar da ta cece ni tana da 'yar uwa a cikin kwari, kuma ita tawa ce."

Dogo ya ɗago kai. "Ni? Yaushe? Guduma, ni ne fa. Dube ni da kyau. Ni ne Dogo."

"Muryarka ce."

"Wallahi ban taɓa ko..."

Bai ƙarasa ba. Gudumar ta sauka a ƙirjinsa, kowa ya ji ƙarar karyewar haƙarƙari. Jini ya yi tsartuwa ta bakinsa har kan bakin rijiya. Matar Dogo ta ƙwalla ƙara ta yi kan gawar, wani mai gadi ya hankaɗe ta da gindin mashi ta faɗi. Guduma ya juya ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Maƙeri ya koma rumfarsa ya yi amai a bayan zuga-zugi. Matarsa ta kawo masa ruwa, ta tsaya a kansa.

"Ka je ka same shi. Ƙanenka ne."

"Ba a barin kowa ya shiga."

"Ka gwada?"

Ya karɓi ruwan ya kurkure baki. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Da manzo ya dawo washegari ya ce ana son ƙarin mari talatin, sai ya sake hura wuta. Ya ce wa kansa shi ƙarfe kawai yake bugawa, ba shi ke ɗaure kowa ba.

Cikin wata biyu garin ya koma wani abu dabam. Dattawa uku da suka je ba da baki aka rataye su a ƙofar gabas, aka bar su har ungulu suka sauka. Mai gadin ƙofar da ya yi shekara ashirin yana aiki aka sare masa hannuwa biyu, wai an ji yana cewa zai buɗe wa abokan gaba. Mutane suka daina hira a bakin titi. Miji da mata ma in za su yi magana sai sun rufe ƙofa, su yi raɗa, duk da sun san wai hayaƙin yana jin raɗa.

Shi kuwa Mai Turare yana nan yadda yake, da tsohuwar rigarsa, kai a sunkuye. Bai nemi sarauta ba, bai nemi doki ba. In an kashe mutum har hawaye yake yi, ya ce, "Kaico, ranka ya daɗe, duk wanda ka riƙa da alheri sai ya juya maka baya."

Inna ce ta gaji. Ta ɗaura zanenta ta hau tudun nan da ƙafarta. Masu gadi suka tare ta, ta ce duk wanda ya fasa taɓa ta bai haifu ba, ta wuce. Ta sami ɗanta a gaban kasko, ta kama kunnensa a gaban kowa.

"Auta, ni na haife ka ko tsohon nan? Ka tashi ka zubar da wannan ƙazantar!"

Bai durƙusa ba wannan karon. Ya cire hannunta daga kunnensa, ya ce a kai ta ɗakin ciki a rufe.

Washegari da safe manzo ya zo maƙera. Maimakon ya faɗi adadi, sai ya ajiye wani ɗan guntun zare a kan uwar maƙera.

"Ankwa ɗaya ake so, daidai wannan awon. Waɗanda ke akwai duk sun yi yawa, hannun yana zarewa."

Maƙeri ya ɗauki zaren ya naɗa a yatsunsa biyu. Ko yatsu uku bai kai ba.

"Hannun wa?"

Manzo ya kau da kai. "Na tsohuwa."

Maƙeri ya daɗe yana kallon zaren. Sannan ya jefa shi cikin wuta, ya ɗebi ruwa ya kashe wutar gaba ɗaya, ya ɗauki sandarsa. Matarsa ta biyo shi har bakin titi.

"Da can na ce ka je ka ƙi. Yanzu kuma tsoro nake ji."

"Da can ya kamata in je," in ji shi. "Ki shiga gida ki rufe."

Hawan tudun ya ɗauke shi lokaci, yana jan ƙafa. Masu gadi suka bar shi ya wuce, sun ɗauka ankwar ya kawo.

Babban ɗakin ya canza. An toshe tagogi duka da tsumma. Ginshiƙai huɗu, kujera ɗaya, kasko a gabanta. Guduma na zaune, ya rame, gemu ya cukurkuɗe, gudumarsa jingine a gwiwarsa. Mayaƙa goma sha biyu tsaye a jikin bango kamar gumaka. Mai Turare tsugune a gefe.

"Ina ankwar?" in ji Guduma.

"Ban ƙera ba, kuma ba zan ƙera ba. Auta, hannun Inna ne fa. Hannun da ya wanke maka kashi."

"Kada ka sake kirana da sunan nan."

"Zan kira ka. Ka kashe Dogo da ƙarfen da na buga, na yi shiru. Ka rataye dattawa, na yi shiru. Laifina ne, na yarda. Amma yau sai ka ji. Tsohon nan ba magani yake ba ka ba, cinye ka yake yi. Ka tambayi kanka, tun da ya shigo gidan nan, mutum nawa ya rage maka?"

Mai Turare ya yi ajiyar zuciya, murya ƙasa-ƙasa. "Ranka ya daɗe, ban so ka ji daga bakinsa ba. Abin da hayaƙi ya gaya maka shekaranjiya ke nan."

Guduma ya miƙe. "Na ji ka, Yaya. Ka ce ƙarfina naka ne, don kai ka ƙera gudumar. Ka ce da ƙafarka ba ta shanye ba, kai za ka zauna a kujerar nan. Tun muna yara kake jin haushina don ina da ƙafa biyu."

Maganar ta soki Maƙeri inda bai zata ba. Shi da ya yi shekaru yana alfahari da ƙafafun ƙanen nan kamar nasa ne. Zuciya ta ɗebe shi.

"Kujera? Wace kujera? Kai ba shugaba ba ne yanzu. Kare ne kai, tsoho ya sa maka igiya, duk wanda ya nuna maka sai ka ciza!"

Jijiyar goshin Guduma ta miƙe.

"A cire masa harshen," in ji shi.

Mutum huɗu suka danne shi a ƙasa. Ɗaya ya cusa masa itace tsakanin haƙora, ɗaya ya ɗauko awartakin da ake juya garwashi ya kamo harshen ya jawo. Maƙeri ya ga wuƙar tana tahowa. Ya nemi idon ƙanensa, Guduma ya juya baya. Zafin ya tsarga masa har ƙwaƙwalwa, jini ya cika masa baki yana shaƙe shi. Suka ɗora masa jan ƙarfe a wurin don kada jini ya ƙare ya mutu. Ya ji ƙaurin namansa, daga nan ya suma.

Da ya farfaɗo ya tarar an ɗaure shi da sarƙa a ginshiƙin da ke kusa da kujera. Mai Turare ne ya ba da shawarar a bar shi a nan, duk wanda ya shigo ya gani ya shiga taitayinsa.

Wannan shi ne kuskuren tsohon.

Domin Maƙeri yana kwance kusa da kaskon, duk lokacin da aka zuba turare shi ma yana shaƙa. A rana ta farko sai ya ji murya, rangaɗaɗau, kamar a bakin kunnensa. Matar Dogo ce.

"Kai ka ƙera ankwar. Kai ka kashe min miji."

Ya waiga, babu kowa. Can kuma sai muryar matarsa: "Na gaji da zama da gurgu matsoraci. Gara da aka yanke harshen, dama ba ya amfani da shi."

Ya yi kuka. Amma da hayaƙin ya lafa sai ya shiga tunani. Babu wanda ya ambaci sunan matarsa a kan kaskon. Kuma ya san matar nan shekara goma sha takwas, ko a mafarki ba za ta faɗi haka ba. Wannan magana shi ne yake faɗa wa kansa ita, a ɓoye, tun ranar da aka kashe Dogo.

Nan ya gane. Hayaƙin ba ya jin maganar kowa. Abin da kake tsoro a zuciyarka yake ɗaukowa, ya sa masa muryar wanda kake tunani, ya dawo maka da shi.

Ya gane komai, amma ba shi da harshen faɗa.

Rana ta uku da hantsi, Mai Turare ya hura garwashi ya zuba gari.

"Ranka ya daɗe, yau sai mu ji abin da tsohuwa ke cewa a ɗaki. Zuciyata ba ta so, amma tsaron ranka ya fi."

Ya ambaci Inna. Guduma ya sunkuya ya shaƙa. Sai dai kwana uku ke nan hankalinsa ba ya kan kowa sai mutumin da ke kwance a gindin ginshiƙi. Ko bai duba ba yana jin nishinsa.

Zumbur ya miƙe, ya fizgi guduma, ya yi kan yayansa.

"Har yanzu ba ka daina ba? Har yanzu kana ce min kare?"

Ya shaƙo wuyan rigarsa ya ɗaga shi sama, ya matse masa muƙamuƙi da yatsu har bakin ya buɗe. Ya leƙa ciki. Baƙin dungulmi ne kawai a wurin, ya kumbura yana fitar da ruwa.

Guduma ya tsaya cak. Muryar kuwa tana ci gaba a kunnensa, muryar Yaya sak, tana zaginsa, alhali ga bakin a buɗe a hannunsa, babu abin da ke motsi a ciki.

Maƙeri ya girgiza kai a hankali. Ya ɗaga hannu ya nuna kaskon, sannan ya ɗora tafinsa a ƙirjin ƙanen ya danna.

Guduma ya sauke shi. Ya koma gaban kasko da kansa, ya ɗebi garin cike da hannu ya watsa a wuta.

"Ranka ya daɗe, ya yi yawa..." in ji Mai Turare.

"Dogo," in ji Guduma da ƙarfi. "Ina son in ji Dogo."

Ya shaƙa. Maƙeri yana kallon fuskarsa.

"Yana magana," in ji Guduma, muryarsa kamar ta yaro. "Ya ce gobe zai harbe ni a bakin rijiya. Gobe. Mutumin da na fasa wa ƙirji da hannuna."

Ya juya ya dubi tsohon. A karon farko Mai Turare ya miƙe tsaye sosai, ya daina sunkuyar da kai. Ashe mutum ne mai tsayi. Murmushi yake yi.

"Ka daɗe ba ka gane ba. Maigidana ya yi kwana bakwai da dubban mayaƙa bai karya garin nan ba. Ni da kasko ɗaya na karya shi. Kuma ka sani, ban taɓa sa ko kalma ɗaya a cikin hayaƙin nan ba. Duk abin da ka ji, naka ne. Ni wuta kawai nake hurawa."

Ya ɗaga hannu ga mayaƙan. "Ku gama da shi."

Su goma sha biyun suka taso gaba ɗaya. Na farko guduma ta same shi a fuska, ya manne da bango. Na biyu da na uku duka ɗaya ya kwashe su. Amma waɗannan ba sa jin zafi. Wanda aka karya wa ƙafa sai ya jawo jiki ya rungume ƙafar Guduma yana sara da wuƙa. Mashi ya shiga cinyarsa, ya karya sandar ya ci gaba. Wani ya soke shi a baya, tsinin ya ɓullo ta ƙasan haƙarƙari. Ya juya ya kama kan mutumin ya buga da ginshiƙi har sau biyu.

Ɗaya ya zagayo ta bayansa da takobi a ɗage. Maƙeri ya miƙa lafiyayyar ƙafarsa ya taɗe shi, ya naɗa masa sarƙar a wuya, ya ja da hannuwan nan da suka yi shekara talatin suna buga ƙarfe, har mutumin ya daina shure-shure.

Da ƙura ta lafa babu mai tsayuwa sai Guduma, jini na zuba daga jikinsa ta wuri biyar. Mai Turare ya kai bakin ƙofa yana kokawa da sakata. Guduma ya cafko shi ta ƙeya, ya jawo shi a ƙasa har gaban kasko.

"Kai ma shaƙa ka ji naka."

Ya danna fuskarsa cikin garwashi. Tsohon ya yi ta ihu yana kiran sunayen waɗansu mutane da babu wanda ya sani, yana roƙonsu su yi shiru. Guduma bai sake shi ba sai da ihun ya tsaya.

Ya ɗauki guduma ya fasa sarƙar yayansa. Ya je ya ɓalle ƙofar ɗakin da Inna take. Sannan ya saɓi Maƙeri a kafaɗa, ya fito cikin rana, yana tafe yana tangaɗi. A matakalar ƙofar gidan ƙafafunsa suka ƙi. Ya sauke yayan a hankali, shi kuma ya zube.

Mutane sun taru a ƙasan matakala, sun ji ihun. Babu wanda ya matso. Babu wanda ya kawo ruwa.

Maƙeri ya jawo kan ƙanen ya ɗora a cinyarsa. Inna ta durƙusa a gefe tana toshe raunin da gefen zanenta, jinin na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunta.

"Yaya," in ji Guduma. "Ba na gani sosai. Kana nan?"

Maƙeri ya matse masa hannu.

"Ka yafe min. Don Allah ka ce ka yafe min, in ji da kunnena."

Maƙeri ya buɗe baki. Ya yi iya ƙoƙarinsa. Abin da ya fito wani gurnani ne kawai, da jini. Ya sake gwadawa, hawaye na zuba a kan fuskar ƙanen.

"Me ya ce? Inna, me ya ce?"

Inna ta dubi babban ɗanta, ya gyaɗa mata kai da ƙarfi.

"Ya ce ya yafe, Auta. Ni ma na yafe."

Daga cikin taron wata mata ta tako gaba, jaririya goye a bayanta. Matar Dogo ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Ni ban yafe ba."

Guduma ya juya kai wajen muryar. "Kin yi daidai," in ji shi. Ya ja numfashi sau biyu, na ukun bai zo ba.

Mutum shida ne kacal suka raka gawarsa, a garin da ya taɓa ceta da hannunsa. Maƙeri ya rayu shekara ashirin bayan haka, da hannu yake magana. In baƙo ya tambayi abin da ya sami bakinsa, matarsa ce ke amsawa. Takan ce, "Ya yi magana ne a makare."

Darasi: Duk ƙarfinka, duk muƙaminka, wanda ya mallaki kunnenka ya mallake ka. Mugun mashawarci ba ya zuwa da makami. Da yabo yake farawa, sai ya raba ka da masu gaya maka gaskiya, sannan ya hura wutar tsoro da zargin da ke zuciyarka har ka rusa gidanka da hannunka. In ka ga mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ke kawo maka labarin kowa, ka tsaya ka binciki mutumin. Kada ka hukunta ɗan uwanka a kan "an ce ya ce", ka kira shi ka ji daga bakinsa. Kai kuma da kake ganin naka yana ɓata, ka yi magana tun yana iya jin ka, domin shirunka ma hannu ne a cikin ɓarnar. Ku tura wannan labari ga duk wanda Allah ya ba shugabanci, ko na gida ne ko na wurin aiki, ƙila ya kai gare shi kafin ya rasa mutanensa.